Gefen Bango

A Abeokuta dutse ne mai gari, mutane haya suke yi a kansa. Gidan Alhaja Wulemotu ma a kan dutse yake, benen nan mai shuɗin fenti da ke bayan kasuwar masu rini, wanda ta gina tun hannuwanta suna baƙi ƙirin da shuni har gwiwar hannu. Duk inda ka kafa diga a gidan sai ta yi ƙara ta dawo maka. Wuri ɗaya ne ƙasa ta yi taushi, a bayan gida, jikin bango, ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Nan mijinta Baba Lamidi yake kwance, don mutanen garin a gida suke binne nasu. Da ransa ya auna wurin da sandarsa da igiya, ita tana tsaye tana shanya zannuwa. Ya ce shi a sa shi ta waje, ita a bar mata jikin bango.

"Iya Sidi, tunda na auro ki gefen bango kike kwana. Ba zan je can in fara rigima da ke ba."

"Kai dai faɗi gaskiya, ƙadangare kake tsoro."

"Kuma munshari zan yi, ki shirya."

"Na saba."

Da ya tafi aka rufe nasa da farin tayil, nata aka bar shi ƙasa, ta shuka ɗoɗɗoya a kai don kada wani ya ga fili ya ajiye tanki. Kullum da safe ta sauko ta share, ta ja kujera ta zauna, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya kori matarsa. Bai taɓa katse ta ba, abin da bai iya ba da yana raye.

Sai gwiwa ta ci amanarta. Da farko saukowa ce ta gagara, daga baya har hawan. Ƙasan gidan duk shagunan zannuwa ne, babu ɗakin kwana, ita kuma ta ce ba ta gina bene don ta ƙare a shago tsakanin dilolin kaya ba. Wata Sallah 'yan haya suka ɗauko ta a kujerar roba. Da suka zo kwanar matattakala kujerar ta karkace, goggoronta ya faɗi ya mirgina har bakin titi, matan kasuwa suka ga furfurar Alhaja a fili. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta ce daga ranar ba ɗan da zai sake ɗaukarta sai in ba ta san an ɗauke ta ba.

Shi ke nan ta zauna a sama. Tagarta tana kallon jajayen kwanon unguwa da ƙaton dutsen can. Bangon baya kuwa ba shi da taga, ko gefen tayil ɗin Baba Lamidi ba ta hangowa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Mai hawa da sauka ita ce babbar 'yarta Sidikatu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar nata mijin. Ita ma ba yarinya ba ce, jikokinta sun fara makaranta. Famfo ba ya kai ruwa sama, don haka ruwan wanka a kanta, amala da miyar ayoyo a kanta, fo ma a kanta.

"Kin share wa ubanki?"

"Na share, Maami."

"Da tsintsiya ko da baki?"

"Ki sauko ki duba mana."

"Rashin kunya dai kin gada, ba a wurina ba."

Ana nan sai ga Kamoru, autanta, daga Ingila inda yake aikin jinya. Lokacin da ubansa ya rasu takardunsa ba su cika ba, bai zo ba, kuma tun daga nan bai iya zuwa gidan hannu sake. Ya kawo injin wuta, ya kawo kujerar da ke tausa, ya kawo gadon da ke ɗaga kansa da kansa. Wannan karon ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta, ko in ce iyakar inda tumbinsa ya bari, ya tashi yana haki ya ce lifta zai sa mata.

"Irin ta asibiti?"

"Ƙarama, Maami. Ta mutum biyu. Ki shiga ki danna, sai ga ki a ƙasa. Ba mai taɓa ki."

Ta daɗe tana kallonsa. Zuciyarta ta riga ta sauka ta ja kujera, amma fuskarta ba ta nuna ba.

"Mutum zai iya miƙewa a kwance a ciki?"

"Haba Maami, wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya na yi."

"A tsaye ake shiga. Ko a zaune."

"To. Kawo ta mu gani."

Mai aikin wani Mista Fagbemi ne daga Ikko, mai ƙatuwar murya da takalmi mai tsini. Ya yini yana zagaya gidan da sandar ƙarfe yana bugun ƙasa. Daga sama tana jin sa: ƙwal a gaba, ƙwal a gefe, ƙwal a ƙarƙashin matattakala. Ita lifta sai an haƙa mata rami a ƙasanta inda za ta riƙa zama. Ya ce in aka ce a fasa dutsen nan, tsohon ginin ne zai fara tsagewa kafin dutsen. Daga nan ta ji muryoyin sun yi ƙasa, na Kamoru da na Sidikatu, sun daɗe suna ƙus-ƙus.

Da yamma ta tambaya, "A ina za ku kafa ta?"

"A baya, Maami," in ji Kamoru. "Ba za ta tare wa kowa hanya ba."

Bayan gida da faɗi. Akwai wajen tanki, akwai tsofaffin tukwanen rini. Ta dubi Sidikatu, ita kuwa ta duƙufa tana tsince ƙaya daga kifi kamar an ce za a ba ta lada. Alhaja ba ta sake tambaya ba. Ɗokin sauka ya toshe mata kunne.

Ranar da leburori suka zo ta gama shan koko kenan, ta jingina tana jiran ƙarar diga. Ta san muryar dutsen gidanta, ita ta tsaya a kan masu ginin tun daga tushe. Aka ɗaga diga aka sauke. Ba ta yi ƙara ba. Dum, kamar an bugi buhun gari. Aka sake, dum. Can sai iska ta hawo mata da ƙamshin ɗoɗɗoya da aka tattake.

Ta ɗauki sandar Baba Lamidi ta riƙa dukan daɓe har sai da su biyun suka hawo.

"Kamoru, ramin wa ake haƙa?"

"Maami, bari in yi miki bayani."

"Na ji bayani. Diga ta yi min."

Ya durƙusa a gaban gado ya yi ta zuba. Babu wani wuri, ya rantse an duba. Ba za a taɓa kabarin Baba ba, ko tayil ɗaya. Kuma ai yanzu mutane sun fara barin ajiye gawa a gida, akwai wata sabuwar maƙabarta a bayan gari, mai katanga da furanni da maigadi, shi da kansa ya je ya gani.

"Maigadi," ta ce. "Guduwa suke yi?"

"Maami."

"Wa na sani a can?"

Ta juya wajen Sidikatu. "Ke kuma kina nan ubanki ya auna wurin nan. Ke kika riƙe masa ƙarshen igiya."

Sidikatu ta sunkuyar da kai.

"Zurfin ya kai ina?"

"Bai kai ƙugu ba," in ji Kamoru.

"To ku ƙara kaɗan ku bar min shi haka. Kun rage wa mutane aiki. Ba zan daɗe ba."

Aka sallami leburori. Mista Fagbemi ya koma Ikko yana ƙunƙuni, ya bar ƙarafansa jingine da bango. Aka rufe ramin da tsohon kwano saboda kaji. Gidan ya yi tsit. Kamoru ya hawo ya zauna, ta juya masa baya. Ya kawo mata hoton maƙabartar a waya, ta ce idonta ba ya gani, ita da ke hango kuskuren mai rini daga bene. Hutunsa yana ta ƙarewa. Da rana sai ya je ya tsaya a kan tayil ɗin ubansa, hannu a aljihu, 'yan haya suna leƙensa.

Ita kuwa a ranta ta gama magana. Shekarun da ta yi a sama, abin da ya riƙe ta shi ne sanin cewa ko ba ta sauka da ƙafarta ba, akwai ranar da za a sauke ta, kuma ta san inda za a kai ta. Taku kaɗan ne daga ƙofar baya. Mutumin nan ya bar mata wuri, bai taɓa bar mata komai ba sai wannan da sanda, sauran duk ita ta nema. A ce ya juya ya tarar da akwatin ƙarfe a gefensa?

Wata rana da la'asar tana kwance ta ji Sidikatu ta taso da bokitin ruwa. Wanda ya daɗe a ɗaki ɗaya kunnensa ne ke yawo a madadinsa, ta san takun kowa a gidan. Na Sidikatu da can sauri gare shi, fat-fat-fat, kamar ana bin ta. Yau sai ta ji ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar ta biyo ta a ja. Ƙafa ɗaya, ɗayar a ja. Ƙarfen riƙo yana kuka. Da aka zo kwana sai aka dire bokiti, aka yi shiru. Sannan ta ji nauyin mutum ya zauna.

A wannan matakin ita ma ta fara zama a can baya, da gwiwarta ta fara ciwo. Ta tuna har tsagar da ke jikin simintin, inda take sa farce tana jira zafin ya lafa.

Aka daɗe. Can Sidikatu ta shigo tana murmushi, ruwan ya ragu da kusan rabi, zaninta a jiƙe.

"Me ya tsayar da ke?"

"Zani nake gyarawa."

"Ɗaga shi in gani."

"Maami, ruwan zai huce."

"Sidikatu."

Ta ɗaga. Gwiwar ta kumbura ta yi sumul kamar ƙoƙo, an shafe ta da man zafi har tana ƙyalli.

"Sauro ne," in ji Sidikatu.

"Sauron nan yana da himma. Tun yaushe?"

"Tun azumin bara."

"Ba ki da baki?"

"In faɗa wa wa? In na zauna wa zai hawo?" Ta sauke zanin, ta zauna a bakin gado, abin da ba ta yi sai an ce ta zauna. Ta yi magana tana kallon bokitin. "Da Kamoru ya nuna wurin, na san naki ne. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna matattakalar nan. Na yi shiru. Na gaji ne, Maami. Ki yafe min."

Alhaja ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kalli kan 'yarta, inda ɗankwali ya zame. Furfura ce fal. Yaushe yarinyar nan ta tsufa ba a gaya mata ba? Ita tana sama tana gadin wurin kwanciyarta, wannan tana ƙarewa a kan mataki. Kuma in ita ta tafi, ɗakunan kwana dai suna sama, Sidikatu ce za ta gaji tagar nan da jajayen kwanon nan, ba kuma wata Sidikatun da za ta hawo mata da ruwa.

"Tashi ki zuba ruwan," ta ce. "Kin zubar da rabi a hanya, kin zo kin zauna min a gado."

Washegari ta sa aka kira Kamoru.

"Ka gaya wa mai takalmin nan ya dawo ya ƙarasa."

Ya zube a ƙasa. "Na gode, Maami. Wallahi in kin ga wurin nan, ga furanni, ga..."

"Na ji. Kada su taka ubanka, kada su ajiye masa kwanon abinci a ka. Wanda fitsari ya kama ya fita titi."

Har ya koma Ingila yana ganin furannin ne suka shawo kanta. Ba ta gyara masa ba.

Aikin ya ja. Aka zuba kankare a ramin, tana ji, ta sa aka kunna mata rediyo da ƙarfi. Aka kafa ƙarafa, aka fasa bangon sama aka fitar da ƙofa inda da babu ko taga. Ƙura ta shiga har cikin miya. Mista Fagbemi ya hawo gaishe ta ya ce, "Mama, a duk unguwar nan ke ce ta farko."

"A maƙabarta ma haka ake ce wa wani," ta ce.

Ranar da aka gama ta yi wanka, ta ɗaura zanen adire na rininta na da, ta kafa goggoro ta sa Sidikatu ta soke shi da allura ta ko'ina. Aka sa mata kujera a ciki. 'Yan haya da matan kasuwa suka cika bayan gida, wani ya ɗaga waya sama don Kamoru ya gani daga can. Ta danna da kanta. Cikinta ya ɗan yi sama, akwatin ya yi ƙugi a hankali, ya tsaya. Ƙofa ta buɗe.

Ga shi nan. Farin tayil ɗin, dab da bakin ƙofa, in ta miƙa sanda za ta taɓa. Ya fi yadda take tunawa ƙanƙanta. Siminti ya ɗiɗɗiga a gefe ɗaya ya bushe.

Mata suka ɗauki guɗa da waƙa, ana ta barka. Muryar Kamoru tana fitowa daga waya, "Fito mana, Maami, fito su gan ki."

"Sidikatu, kawo wuƙa ki kankare wancan."

Aka kankare. Sidikatu ta miƙo mata hannu. "To bismilla, Maami."

"In je ina?"

"Waje mana. Ga kujera can a inuwa."

"Na iso," ta ce.

Mutane suka ɗauka tsoro ne, ko tsufa. Suka ci shinkafa suka watse, ita tana zaune a ciki.

Haka ta riƙa yi kullum. Ta sha koko, ta shiga, ta danna, ta sauka, ta tokare ƙofa da sanda don kada ta rufe. Ba ta taɓa sa ƙafa a waje ba. Masu shago suna jin ta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Sidi, ga ni a gefen bango. A zaune dai, amma ga ni. Kada ka ce ban zo ba."

Ta ba shi labarin duk abin da ya wuce shi, ba ta rage ba, har da goggoron da ya faɗi. In wuta ta ɗauke aka ce za a tada inji, sai ta ce a bar shi, ba ta da sauri. In Sidikatu za ta kai wanki ko ruwa sama sai ta shigo su matsu, bokiti a tsakaninsu, su hau tare su dawo tare.

"Kin ga an yi domina kin fi ni shiga," in ji Alhaja.

"Ke ai ba shiga kike ba, Maami, tarewa kika yi."

"Gidana ne."

Gwiwar Sidikatu ta saɓe. Takunta bai koma fat-fat ba, amma ta daina shafa man zafi. Alhaja ta lura.

Ta ci rani ɗaya da damina ɗaya a haka. Wata safiya Sidikatu ta kawo koko ta tarar ba mai sha.

Lifta ba ta ɗaukar na kwance. Maza suka sauko da ita ta matattakala. Sidikatu ta bi su a baya, da aka zo kwana ta sa hannu biyu ta riƙe likkafanin ta wajen kai har aka wuce. Aka yi mata salla a ƙofar gida, aka sa ta a mota. Kamoru yana can yana neman jirgi.

Da mazan suka dawo Sidikatu ta tare wani tsohon ɗan haya a soro.

"Baba, wurin ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Iya. Ga furanni. Ƙasar ma taushi gare ta."

"Akwai bango kusa?"

Ya yi ɗan tunani. "A'a. Na jikin katanga sun cika. A tsakiya ne."

"Su wa ke gefenta?"

"Ban san su ba."

Ta gyaɗa kai ta koma wajen masu gaisuwa.

Daga ranar ta daina shiga lifta. Ita lifta in an bar ta, da kanta take komawa ƙasa ta zauna, don haka kullum tana nan a gefen Baba Lamidi, ƙofa a rufe, kujerar tana ciki. Sidikatu ta koma matattakala da bokitinta. Masu shago suka yi magana, Kamoru ya yi magana a waya har ya yi fushi, ta ce ita ba za ta taka wurin uwarta ba. Gwiwar ta dawo, ta kawo 'yar'uwarta.

Bayan an yi sadakar arba'in an share gida, wata la'asar ta taso da ruwa. Ƙafa ɗaya, ɗayar a ja. Ta kai kwana ta dire bokiti ta zauna. Ta jira zafin ya lafa, bai lafa ba. Ba kowa a sama da zai tambaye ta me ya tsayar da ita. Hannunta ya sami wata tsaga a jikin siminti, gefenta ya yi santsi kamar an daɗe ana shafa ta. Ta daɗe da yatsa a ciki.

Ta sauko da zama, mataki bayan mataki, tana jan bokitin. Ta zagaya baya ta dafa bango. Ta gaida ubanta. Ta danna, ƙofa ta buɗe, ga kujera, ga sanda a jingine inda aka bar ta.

Ta cire takalmanta ta ajiye a bakin tayil. Ta yi sallama ta shiga. Ba ta hau kujerar ba, ta tsaya a gefenta, a matse, kamar yadda suka saba.

"Maami, matsa kaɗan," ta ce, sannan ta danna.